Shekarar da Babanku Ya Ƙi Rakiya

Da sunan Allah nake farawa, Shi ne Ya san abin da ke cikin zukata. Amira, Khalifa, wannan babi naku ne. Na san kun yi ƙanana da karanta shi yanzu, amma ni mutum ce mai saurin tsorata, kullum gani nake wani abu zai faru kafin in faɗi abin da ke bakina, shi ya sa na ce gara in rubuta in ajiye. Karatuna bai wuce firamare da Islamiyya ba, don haka kada ku nemi gwaninta a wurina. Abin da na gani da idona da wanda na ji da kunnena, shi zan ba ku. Idan kuka girma za ku ji dangi na cewa babanku ya yi wa Alhaji Mamuda butulci, wasu kuma su ce ni na zuga shi. Gwaggonku Asabe ma ta faɗa a gidan suna ina zaune, ko rage murya ba ta yi ba. Ban tanka mata ba don gidan mutane ne. A nan zan tanka.

Babanku magini ne tun yana saurayi. Daga ƙauye ya shigo Kano da jaka ɗaya, ya fara leburanci yana ɗaukar kwanon sarki a ka, har Alhaji Mamuda ya gan shi a wani aiki ya ja shi jikinsa. Alhaji ɗan kwangila ne, amma ban taɓa jin wanda ya ce ya gan shi riƙe da cokalin gini ba. Aikinsa shi ne sanin mutane. Ya san wanda ake gaisarwa da safe, ya san gidan da ake kai wa rago da Sallah, sai ka ga takardar kwangila ta fito da sunansa. Wani lokaci ma ba shi aka ba ba, saye yake daga hannun wani, wanda shi ma wani ya ba shi. Duk hannun da ta bi sai ya gutsuri nasa, abin da ya rage shi ake miƙa wa babanku a ce ya sayi siminti da rodi ya tayar da gini. Haka ake yi, kowa ya sani, ba wanda ke ɗaukarsa laifi. Kuma kada ku ji wannan ku raina Alhaji, ya yi mana alheri. Shi ya tsaya wa babanku a aurenmu. Ranar da haihuwar Amira ta zo da gardama motarsa ce ta kai ni asibiti, bai bar wurin ba sai da ya ji kukanta. Gidan da muke ciki a Gyaɗi-Gyaɗi, ɗaki biyu da tsakar gida da rijiya, nasa ne, ya ba mu mu zauna ba haya. Ni kuwa a gidan haya na tashi, mahaifiyata ba ta taɓa kwance dukkan ƙullin kayanta ba saboda ba ta san yaushe za a ce mu tashi ba. Da na shiga gidan nan na dasa zogale a bakin rijiya, na kafa ƙusa a bango na rataye madubi, na ce 'ya'yana ba za su san irin wancan zaman ba. Duk abin da zan ba ku labari, ku riƙa tuna wannan gida, don shi ne abin da nake tsoron rasawa.

Akwai ƙaramin asibitin sha-ka-tafi ta wajen Tarauni inda nake kai ku rigakafi. Rumfar da mata ke zaman jira a ciki babanku ne ya gina ta, a ƙarƙashin kwangilar Alhaji. Ba a daɗe ba daɓen ya farfashe, in ka taka sai ya riƙa marmashewa kamar busasshen tuwo. Wata safiya ina zaune, Khalifa na goye, sai takalmin wata mata ya maƙale a tsaga, ta tafi kamar za ta kifa da jaririnta, Allah Ya sa aka tare ta.

"Allah Ya isa tsakaninmu da wanda ya yi aikin nan," in ji ta tana haki. "Wannan da toka ya kwaɓa ko da siminti?"

"Toka ma ai sai an saya," wata ta ce, aka kwashe da dariya.

"Ku bi a hankali," in ji wata tsohuwa da ta san ni, "ga matar maginin nan a zaune."

Idanu suka yo kaina gaba ɗaya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, amma na daure na ce, "Inna, shi abin da aka ba shi ya kwaɓa."

"To ki gaya masa, 'yata, sunansa ake kira a nan. Wanda ya ba shi ba mu san shi ba."

Na gaya masa kuwa. Ranar ya bar rabin tuwonsa.

A shekarar ne hukuma ta sauya dokar ba da kwangilar gine-gine. A rediyo na fara ji ina wanki, ban gane ba sai da babanku ya dawo ya warware mini. Ya ce yanzu ba za a kira mutum ofis a miƙa masa aiki ba. Sai an tallata kowa ya ji, kuma sai an sami kamfani aƙalla uku masu nema. Kowa ya rubuta farashin da zai yi aikin, ya manne a ambulan, ya jefa a akwati mai kwaɗo. Ranar buɗewa a gaban jama'a za a yage ambulan a karanta da ƙarfi. Wanda ya ci ba shi da ikon sayar wa wani, waɗanda aka kama sun haɗa baki kuwa za a hana su neman aiki shekaru. Na ce to Alhaji ya shiga uku. Babanku ya yi dariya ya ce ban san Alhaji ba. Gaskiyarsa ce. Ba a yi nisa ba Alhaji ya yi wa babanku rajistar kamfani da sunansa da hotonsa, ya yi wa direbansa ma. Aikin farko da aka tallata shi ne ƙarin ɗakin haihuwa a wannan asibiti da na ba ku labari. Alhaji ya ce su biyun aikinsu rakiya ne. Kun san yadda ake raka baƙo zuwa bakin lungu a yi sallama a juyo, to haka. Za su jefa ambulan don a cika uku, kowa ya rubuta farashi sama da na Alhaji, Alhaji ya ci, babanku ya koma ya gina kamar kullum.

Tsorona ne ya fara magana, ba jarumta ba. Na riƙa juya abin ina tankaɗe, ina juya shi ina wanke-wanke. Wata la'asar yana gyara tayar baro a tsakar gida na zauna kusa da shi.

"Malam, in aka kama wannan rakiyar, sunan wa za a soke?"

"Wa zai kama? Kowa haka zai yi."

"Ban ce wa zai kama ba. Na ce sunan wa?"

Ya ci gaba da murɗa ƙarfe. Can ya ce, "Alhaji zai san yadda zai yi."

"Zai san yadda zai yi da kansa. Hotonka ne a takarda. Kuma ɗakin haihuwa ne fa, Malam. In Allah Ya ƙara ba mu rabo a can zan kwanta ina kallon rufin da ka yi. Ko dai ka janye sunanka, ko ka sa shi da gaske. In ya isa ya yi rakiya ai ya isa ya yi tafiyar."

"Rabi, kin san a gidan wa kike wannan magana?"

"Na sani. Shi ya sa nake yin ta a hankali."

Ya yi dariya har ya saki ƙarfen. Amma daga ranar na ga ya canja. Ya riƙa zagaya wurin masu rodi da masu tifar yashi yana tambayar farashi, ya je ya auna filin da kansa, ya dawo ya shimfiɗa takardar buhun siminti yana lissafi da fensir. Na ga mutumin da ya yi shekaru ana ce masa ga abin da za ka kwaɓa, yau shi ke faɗin abin da gini yake buƙata. Da ya gama ya ce mini farashin da ya fitar babu kitse a jikinsa, kuɗin kaya ne na gaskiya da na leburori da ɗan abin da za mu ci. Amma ya ce ba zai jefa shi a akwati ba sai ya je ya nemi izinin Alhaji ido da ido, don da kuɗinsa aka yi rajistar, kuma shi ba ɓarawo ba ne da zai bi ta bayan gida. Ban hana shi ba, hakan ya dace. Na ce zan bi shi in gaida Hajiya, matar Alhaji. A cikin Adaidaita Sahu na matsa kusa da kunnensa na ce ya nemi izini iya izini, kada ya faɗi farashi, don ai amfanin manne ambulan ke nan. Ya ce Alhaji babban mutum ne, ba zai tambaya ba.

Hajiya ta karɓe ni da fara'a, ta ɗauki Khalifa tana yi masa wasa, ta turo mini tire in taya ta tsince shinkafa. Tagar ɗakinta tana kallon falon Alhaji, a buɗe take saboda zafi. Na hango babanku ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya durƙusa a gefen kafet, bai hau kujera ba ko da aka ce ya hau. Ya daɗe yana gaisuwa da godiya kafin ya kai ga magana. Daga ƙarshe ya faɗi abin da ya kawo shi. Hannuna ya tsaya a cikin shinkafa. Sai na ji Alhaji ya bushe da dariya.

"Masha Allah! Isuhu an girma. Wato ni da kai za mu kara ke nan?"

"A'a Alhaji, wane ni. Izini nake nema."

"Na ba ka. Wallahi na ba ka, Allah Ya yi albarka. Yaro ai ba ya dawwama yaro." Ya kurɓi shayinsa, ya ajiye kofi. "To nawa ka sa?"

Na rufe ido. Ku da za ku tashi a wani zamani wataƙila ku ce me ya hana shi cewa sirri ne. Ba ku san irin tarbiyyar babanku ba. Mutumin da ya ɗauke ka daga ɗaukar kwanon sarki, ya aurar da kai, kana durƙushe a gabansa ya gama sa maka albarka, ya yi maka tambaya, ka ce ba za ka amsa ba? Bakinsa ba zai iya haɗa wannan magana ba. Ya faɗa, duka, har da yadda ya raba na siminti da na rodi. Alhaji ya ce madalla, lissafi ya yi kyau. Hajiya ta dube ni ta ce shinkafar nan ai na tsince ta har na fara zubar da mai kyau.

Ranar buɗe akwati na sa hijabina na goya Khalifa na bi shi, tunda an ce kowa na iya zuwa. Wani zaure ne babba da kujerun roba da fanka mai ƙara. Mata ba mu fi a ƙirga da yatsun hannu ba, na zauna can baya. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne baƙin fuskoki. Tallan ya jawo mutanen da Alhaji bai gayyata ba, har da wasu samari daga Hotoro da suka zo da injiniyarsu mace. Wani ma'aikaci ya ɗaga kwaɗon ya nuna wa jama'a ba a taɓa shi ba, ya buɗe, ya riƙa yanka ambulan da reza yana karantawa wani na rubutawa a allo. Da ya zo kan na babanku ya kira sunansa da na mahaifinsa cikakke, a lasifika, a gaban manyan riguna. Na ga ƙeyar babanku ta miƙe. Farashinsa ya fi na 'yan Hotoro sauƙi, ya fi na kowa da aka karanta, har wani a gabana ya waiwaya yana tambayar wane ne wannan. Ambulan ɗin Alhaji ne na ƙarshe. Ya sauko ƙasa da na babanku da ɗan kaɗan, kaɗan ɗin da ba ya faruwa sai mutum ya san inda zai tsaya. Bayan an duba takardu, shi aka ba.

Muna shiga lungunmu na juya na fuskance shi.

"Da bakinka ka ba shi."

"Ya tambaye ni, Rabi."

"Da ya tambaye ka hular kanka ma sai ka cire?"

"Da na cire mana," in ji shi, kuma ba wasa yake ba.

Na yi fushi na kwanaki, ina ajiye masa abinci ina juya baya. Amma a ƙarƙashin fushin akwai wani sanyi da nake jin kunyarsa: an yi an gama, Alhaji ya ci, ba wanda ya ɓata da wani, gidana na nan. Ashe ba a gama ba. Alhaji ya aiko a kira babanku. Ya dawo bayan azahar, bai shiga ɗaki ba, ya kifa turmi ya zauna a kai. Amira ta hau cinyarsa tana wasa da maɓallin rigarsa, bai ma san tana yi ba. Ya ce Alhaji ya karɓe shi da raha, ya ce wasa ya ƙare, ya tara leburorinsa su fara haƙa tushe. Sai ya faɗa masa yawan simintin da rodin da zai ba shi. Ku tuna farashin babanku babu kitse a jikinsa, Alhaji kuma ya sauko ƙasa da shi, sannan dole ya cire nasa da na waɗanda yake gaisarwa. Daga ina za a cire in ba daga jikin ginin ba? Babanku ya ce masa wannan ba zai riƙe rufin da mata za su kwanta a ƙarƙashinsa ba. Alhaji ya ce tun yaushe ya fara yi masa lissafi. Babanku ya ce tun ranar da ya ba shi izini. Nan rahar ta ƙare. Alhaji bai yi tsawa ba, ba halinsa ba ne. Cewa ya yi ɗan ƙanensa zai yi aure yana neman wurin zama, in babanku na kan aikinsa sai ya nema wa yaron wani gida, in kuwa ba ya kai, to ya san gidan Gyaɗi-Gyaɗi bai da nisa da kasuwa, zai yi wa amarya daɗi. Ya ce masa ya je ya yi tunani.

"Ni na san abin da zuciyata take so," in ji babanku, idonsa a ƙasa. "Amma ni fita nake da safe in dawo da yamma. Ke ce mai zaman gidan, ke ce mai yara. In kin ce in gina, zan gina, in yi iya ƙoƙarina da abin da aka ba ni, kuma ba zan taɓa yi miki gori ba."

Kun san inda muke yanzu, ɗaki da falo a Unguwa Uku, kusa da tasha, inda ƙarar manyan motoci ke tashe ku da asuba, ruwa kuma sai mun saya a wurin 'yan garuwa. Ba zan ɓoye muku ba, an sha wuya. Babanku ya koma aikin yini a ginin mutane, ya yi watanni a haka, waɗanda suka saba kiransa saboda Alhaji suka daina. Ya jefa ambulan ya faɗi, ya sake jefawa ya faɗi, kafin ya ci wata 'yar kwalbati a wani lungu da sunan kansa. Daga ita aka fara saninsa, yanzu ba ya rasa aiki, ko da ƙanana ne, kuma duk inda ya yi ina iya bi ta wurin da rana tsaka fuskata a buɗe. Ɗakin haihuwar wani ne ya gina wa Alhaji, yana nan tsaye, ban je na ƙwanƙwasa bangonsa ba, ba zan ce muku ga yadda yake ba. Duk Sallah babanku na zuwa gaida Alhaji, ya tuɓe takalmi ya durƙusa kamar da, Alhaji ya amsa a taƙaice. Ni kuma duk lokacin da haya ta kusa ƙarewa tsoro na dawo mini, wannan bai bar ni ba.

Amma a waccan rana ban san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Abin da na sani shi ne mijina na zaune a kan turmi, karo na farko a rayuwarsa ya ce wa maigidansa a'a, yana jira ya ji ko matarsa za ta mayar da shi ya ce i. Na tashi na shiga ɗaki. Makullin gidan na cikin wani ɗan kwano a kan kabad, na ɗauko, na tsaya kaɗan ina sauraron numfashin Khalifa da ke barci. Na fito na miƙa masa.

"Ka kai masa da kanka, da rana, ka yi masa godiya. Ka ce ya ba mu kwanaki mu kwashe kaya mu share."

Ya dubi makullin, ya dube ni. "Rabi, hannunki rawa yake."

"Bar shi ya yi rawarsa," na ce. "Kai dai karɓi."